Ruwan Zafi a Gindin Wardi

Tsakuwar farko ta faɗo ne ranar wata Talata, dab da magariba, Senada na tsaye a ƙofar gida da tiyo a hannu tana shayar da sababbin furanninta. A St. Louis ta Amurka rana ba ta son tafiya a watan Yuni, sai kusan ƙarfe takwas da rabi take haƙura, kuma a wannan lokacin ne duk matan Bosniya na layinmu ke fitowa ban ruwa, kowace na satar kallon lambun 'yar'uwarta. Ran nan tsuntsaye suka yi tsit kafin lokacinsu. Sai wani abu ya daki rufin gidan ya gangaro. Na biyu ya sami tagar falo. Na uku ya sauka a gaban ƙafarta, ta sunkuya ta ɗauka, ta yi maza ta yar, domin zafi gare shi kamar daga tukunya aka tsamo shi.

Ta gane tsakuwar. Irin farar nan ce da ita kanta ta sayo buhu shida ta zuba a gefen furannin.

Mijinta Mirsad, direban babbar mota, ya leƙo daga baranda ya ce, "Kuregu ne." Mirsad mutum ne da komai ya faru a duniya, in ba kuregu ba ne to gwamnati ce. Senada ta kashe ruwan, ta tsaya tana kallon kusurwar da ke kusa da matakala, inda wardin mahaifiyarta ya yi shekara ashirin da biyar a tsaye.

Nana Zumra, mahaifiyar tata, ta zo da wardin nan daga ƙauyensu bayan yaƙi. Reshe ɗaya ne tak, ta soke shi cikin dankali don kada ya bushe, ta naɗe da ɗankwali ta ɓoye a ƙasan jaka. Gidansu an ƙone shi, mijinta bai dawo ba, abin da ya biyo ta ke nan. Kullum kafin magariba takan zuba masa ruwa da kwano, ta yi sallama, ta ɗan tsaya tana magana ƙasa-ƙasa, yara na dariya. Da bazarar bara ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ana tura ta a keken marasa lafiya zuwa mota ta sa aka tsaya da ita a gaban wardin, ta kama hannun 'yarta ta ce, "Ki kula min da shi." Senada ta ce, "Na yi alkawari, Mama."

Sai dai wardi ne irin na dā. Mako uku yake fure a shekara, ya cika layi da ƙamshi, sauran watannin kuwa ƙaya ce kawai da ganye mai tabo. Maƙwabta kuwa gabansu ja da shuɗi da rawaya har sanyi ya shigo. Wata Asabar a watan Mayu Senada ta shiga kantin shuke-shuke don sayen taki, ta fito da mota cike da furannin fetuniya da kwandunan fure na ratayewa. Wuri bai isa ba. Ta ɗauko shebur. Ranar Litinin motar kwashe shara ta tafi da wardin.

Saiwar ba ta mutu ba. Ta dinga toho tsakanin fetuniya, ja-ja, Senada ta tumɓuke nan ya ɓullo can. Wata abokiyar aikinta ta ce mata ai abu mai sauƙi ne, tafasasshen ruwa da gishiri. Ta tafasa babbar tukunya, ta fito da ita rana na faɗuwa don kada maƙwabta su gani, ta sheƙa a gindin. Ba ta yi bismillah ba. Mai yin abin da yake ɓoyewa ba ya son ambaton Allah a kusa. Ƙasar ta yi wani sauti, ta gaya wa kanta tururi ne.

Duk Lahadi kuma takan je wurin uwarta. "Yaya wardina?" "Lafiya lau, Mama, bana ya fi bara." Har hoton bara ta nuna mata a waya.

Kwana uku ana jifa, ko yaushe dab da magariba. A na huɗu jifan ya tsaya, abin ya koma kan Amila, 'yarsu mai shekara goma sha shida. Ta tashi da bororo a bayanta da kafaɗa, irin na wanda ruwan zafi ya zubo wa, ba ta kuwa je kusa da wuta ba. Likita ya duba, ya ba da man shafawa, ya ce bai ga dalili ba. Da rana yarinyar barci take, ba ci ba sha. Da inuwa ta miƙe sai ta fito ba takalmi, ta zauna a kusurwar matakala, tana cire fetuniya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gefe, tana magana da harshen ƙauyen kakarta. Amila da aka haifa a nan, wadda in ta yi gaisuwa da Bosniyanci sai tsofaffi sun danne dariya.

Mirsad bai ƙara ambaton kuregu ba. Ranar Larabar mako na gaba ya je ya ɗauko Efendija Husref, tsohon malamin da ya karantar da rabin yaran unguwa, yanzu kuma ba ya fita sai abu ya gagara.

Malamin ya iso bayan la'asar. Bai shiga gida ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon furannin, sannan ya ce wa Senada, "Ina wardin Zumra?"

"Ya bushe, Efendija."

Ya dube ta. Ya nemi kujera da kwanon ruwa, ya zauna a baranda. Da rana ta yi ja Amila ta fito ta zauna a wurinta. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Iska ta tsaya. Kwandunan da ke rataye suka fara lilo su kaɗai. Yana cikin sura ta uku yarinyar ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe, a gajiye.

"Ya isa, malam. Ni ma musulma ce, kada ka ƙona ni sau biyu."

"Wace ce ke, kuma me kike nema a jikin yarinya?"

"Ni maƙwabciyar Zumra ce. A gindin wardin nan aka haife ni, can gida. Da aka sa wa ƙauye wuta kowa ya gudu, mu ma muka gudu. Cikin dankali muka ƙetare teku. Shekara ashirin da biyar tana mana sallama, ba mu taɓa ko cokalin gidan nan ba." Kan yarinyar ya juya a hankali wajen Senada. "Tambaye ta abin da ta zuba. Ƙaramar 'yata na kwance a lokacin."

Senada ta zauna a kan matakala. Kunya ta fi tsoro yawa a zuciyarta. A gaban mijinta da malamin ta faɗi komai, shebur da motar shara da tukunya.

"Kin ji ta amsa laifinta," in ji malamin. "Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba. Ki fita."

"'Ya a madadin 'ya."

"Taki ta mutu?"

Muryar ta ce, "Tana warkewa."

"To wannan ma za ta warke. Kin ce ke musulma ce, kin san ba a kama wani da laifin wani. Faɗi abin da zai yiwu."

"In fita in tafi ina? Ba ni da gida. Waɗannan furannin na kanti ba su san kowa ba, sanyi ɗaya zai kwashe su." Muryar ta yi ƙasa. "Hannun da ya ƙona gidana shi zai dasa mini wani, daga jinin wardin nan, ba wani ba. Kuma ta je ta gaya wa Zumra da bakinta. Na ba ta zuwa magaribar Juma'a. In ba haka ba na san hanya."

Malamin ya sa mai maganar ta rantse, ya yayyafa wa yarinyar ruwan. Amila ta yi atishawa sau uku ta kife gefe, uban ya tare ta. Da ta buɗe ido da Turanci ta ce yunwa take ji.

Senada ta bi malamin har bakin mota. "Efendija, ba sauran ko reshe ɗaya. Na kashe saiwar."

"Sharaɗi biyu ne," ya ce. "Ɗaya yana hannunki. Fara da shi."

Ranar Alhamis ta bi gidajen layin ɗaya-ɗaya tana tambaya ko wata ta taɓa yankar reshe. Babu. Da safiyar Juma'a ta tafi gidan tsofaffi, ba ta ɗauki ko 'ya'yan itace ba. Ta tarar da Nana Zumra a keke kusa da taga. Ta durƙusa a gabanta kafin a tambaye ta.

"Mama, wardinki babu shi. Ni na tone shi. Da ya toho na zuba masa ruwan zafi. Hoton da na nuna miki na bara ne." Ta faɗi na Amila ma, da wa'adin magariba, tana kuka har maganar na yankewa.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "A hoton nan akwai kujerata ta katako da kuka jefar tun watan Satumba. Ƙuguna ne ya karye, Senada, ba idona ba."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Ina jira ne." Ta nuna taga da haɓa. A bayan labule akwai gwangwanin kofi, a ciki wani ɗan tsiro mai ƙaya, ganye bakwai ko takwas. Lahadi hamsin Senada na zama a ɗakin nan, ba ta taɓa ɗaga labulen ba.

"Ranar da kuka tura ni a keke na ce a tsaya, kin ɗauka ban kwana nake yi? Almakashi ne a hannun rigata, reshe na yanko. Ni na haife ki, tun kina ƙarama abin da ke sheƙi yake ɗaukar idonki."

Senada ta miƙa hannu. "Ki ba ni, Mama. Don Allah."

"Ba zan ba ki ba." Tsohuwar ta gyara ɗankwalinta. "A ƙauyenmu ba a kyautar wardi, na kyauta ba ya kamawa. Wancan ma daga shingen maƙwabciya na sato shi ina amarya." Ta juya keken ta fuskanci bango. "Barci nake ji. Zan rufe ido na ɗan lokaci."

Senada ta ɗauki gwangwanin, ta sa a ƙarƙashin rigarta, ƙaya na sukar cikinta. Ta kai bakin ƙofa ta ji muryar uwar daga baya, ido a rufe.

"In kin dasa, ki yi musu sallama. Ki ce Zumra na gaishe su."