Soket ɗin Firjin Ikilima

Shekara goma sha ɗaya Njidda ya yi yana gyara wutar gidajen Nukkai, amma soket ɗin firjin matarsa Ikilima, wanda take sayar da ƙanƙara da shi, kullum sai ya ce gobe. Har wayar wutar gidan wani ta kashe shi bai taɓa soket ɗin ba.

Ran da ta fita takaba, bayan isha'i, aka yi sallama. Wani mutum ne tsaye inda hasken ƙwan lantarki bai kai ba, murya a shaƙe, yana ƙaurin ƙonanniyar roba.

"Hajja, an ce soket ɗinki ba wuta."

"Ni ban aiki kowa ba," in ji ta. Amma ta dubi mataccen firjin a baranda, ta kauce masa.

Ya durƙusa ya ba ta baya, ya kwance murfin, ya ɗaure wayar da ta saki. Ya zura testar gwada wuta, ya ɗora yatsa a gindinta kamar yadda ake yi. Ba ta kama ba.

"Sa naki yatsan," ya ce. "A hannuna ta daina kamawa."

Tana taɓawa testar ta yi ja, firji ya hau gurnani. Shi kuwa ya naɗe wayar da baƙin salatif, ya yanke da haƙori. A jan hasken nan ta ga shatin giɓin da ta sani a jikin salatif ɗin, giɓin haƙorin Njidda.

Ba ta yi ihu ba. Sai ta ce:

"Baban Usaini, ashe sai yau goben taka ta yi."