Kiran Suna a Ɗakin Faifan Majigi

Ranar Alhamis, la'asar sakaliya, na sauka daga motar Anka a tashar Gummi da takardar izini a aljihu da tabarau biyu. Aikin da ya kawo ni bai kamata ya wuce rabin awa ba. Zan duba wani tsohon faifan majigi a ɗakin ajiyar littattafai na wani ofishi, in ɗauki hoton fuska ɗaya da wayata, in koma.

Sunana Bature. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa. Ajina na farko a wani ƙauye yake kan hanyar Nasarawa Burkullu, a 1977, yara ashirin da uku. A shekarar ne masu majigi suka zo suka ɗauke su a fim. Na jera su a gaban allo, mai ɗauka yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta zagayo, kwalekwale ya kife da bakwai daga cikinsu a gulbi, ranar kasuwa. Har da Mubina, 'yar Inna Zulai tilo.

Inna Zulai tana nan da rai. Idonta ɗaya ya tafi, ɗayan yana bin sa. Ba ta da hoton yarinyar. Shekara huɗu da suka wuce ta riƙe hannuna ta ce, "Malam Bature, an ce ɗiyata na cikin gwangwani, Gummi. In gan ta sau guda kahin idon ga ya ƙare."

Takarda goma sha ɗaya na rubuta wa ofishin nan, kuma ina da kwafin kowace. Na bayyana musu abin da wata ma'aikaciyar adana kayan tarihi ta koya mini: irin wannan fim yana da ciwonsa. Zafi da danshi suna sa shi tsami, ya tsuke, ya kanannaɗe, fatar hoton ta ɓare daga jikinsa. Mai ciwo yana harbin na kusa da shi. In an toshe gwangwanin da ake ajiye shi a ciki, tsamin da yake fitarwa shi ke komawa ya cinye shi. Maganin bai da wuya: a ware masu ciwo, a kai su wuri mai sanyi mara danshi, a kwafe hotunan tun suna nan. Amsa ɗaya na samu kafin izinin, layi guda: ana duba lamarin.

Halliru, mai riƙe da makullin ɗakin, dattijo ne kamata. Ya karanta takardar sau biyu, ya dubi rana.

"Malam, da ka bari sai gobe da hantsi. Ɗakin ga ba a shiga nai da marece."

"Shekara huɗu ke nan ina jiran gobe. Buɗe."

Warin ne ya fara tarar mu. Tsami mai hawa hanci, kamar gasarar da ta kwana bakwai, gauraye da tsohon turaren wuta. Idona ya kawo ruwa. An liƙe tagar da kwali. A jikin bangon yamma, wanda rana ke duka tun azahar, akwai kabad na ƙarfe. Na taɓa shi, da zafi kamar tanda.

"Mene ne wannan?"

"Da warin ya hwara, sai anka ce mutanen ɓoye na," in ji Halliru, murya ƙasa ƙasa. "Sai munka yi turare, munka ɗaure ko wane gwangwani cikin leda, munka kulle."

A cikin kabad ɗin akwai gwangwani goma sha biyu, kowanne an naɗe shi da leda biyu an tamke da roba. Duk abin da na rubuta kada a yi, shi aka yi, kuma da kyakkyawar niyya. Ban ga laifinsa ba. Ba shi aka aika wa takardun ba.

Na cire kwalin tagar. Haske ja ya shigo, na ɗan lokaci. Halliru ya ce zai je ya yi alwala, ya bar ni.

Namu shi ne gwangwani na tara. Murfin ya yi tsatsa. A ciki fim ɗin ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen rama, ga wani farin gari a gefensa. Na warware shi a hankali, na ɗora tabarau kan tabarau, na ɗaga shi ga taga.

Ga allona. Ga rubutuna. Ga yaran.

Yawancin fuskokin sun yamutse, sun yi kumfa. Amma na san su. To, ga kuskurena, kuma ba zan ɓoye shi ba. Malamin da ya shekara talatin da biyar yana kiran suna kowace safiya ba ya ganin yara a jere bakinsa ya yi shiru. Ban san lokacin da na fara ba.

"Yahaya."

Shiru. Yahaya yana nan Bukkuyum yana sayar da hatsi.

"Amina."

Shiru. Tana Sakkwato da jikokinta.

"Abdulƙadir."

"Na'am, Malam."

Daga bayana. Ƙaramar murya, daidai tsayin ƙuguna. Abdulƙadir shi ne na farko da aka tsamo daga gulbi.

Ban waiwaya ba. Na ce wa kaina Halliru ne, ko wani a waje. Warin tsamin ya sauya. Yanzu warin laka ne, na bakin gulbi.

Ɗis. Ɗis. Ruwa yana ɗiga a kan siminti. Rabon Gummi da ruwan sama wata biyar.

Da na bar gwangwanin na fita. Amma Mubina tana can ƙarshen layi, kuma hasken yana ƙarewa. Na ci gaba da jan fim ɗin. Na danne bakina. Bai dannu ba.

"Faruk."

"Na'am, Malam."

"Zainab."

"Na'am, Malam."

Masu rai shiru. Sauran suna amsawa, kowace murya ta fi ta baya kusa. Na ji ƙananan tafin ƙafa, jiƙaƙƙu, suna gyara tsayuwa. Suna shiga layi.

Shida sun amsa. Saura ɗaya.

Sai ga ta. Hoto uku kacal suka rage lafiya: kallabi ya zame, wushirya, tana ƙoƙarin danne dariya. Na lalubi wayar da hannun hagu. Na ciji leɓena har na ji jini.

Wani abu mai sanyi ya ja gefen rigata. Sau biyu, a hankali, yadda yaro ke yi in an tsallake sunansa.

"Mubina," na ce.

"Na'am, Malam. Inna ta aiko ka?"

Hannuna ya matse. Fim ɗin ya yi ƙas. Fatar hoton ta ɓare a ƙarƙashin babban yatsana kamar ɓawon albasa, ta marmashe.

Duk ukun.

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Na tuna santsin simintin, da hannaye ƙanana a rigata, ba sa ja, riƙo kawai suke yi. Halliru ne ya fizgo ni waje yana a'uziyya, ya datse ƙofar. Ladan yana kiran magariba. Wandona ya jiƙe har gwiwa, da laka.

Kwana uku na yi a kwance. Rana ta huɗu na tafi ƙauyen, na zauna gaban Inna Zulai na faɗa mata komai, har da yatsana. Na ce hoton ya tafi, ba wani kuma a duniya. Na jira ta yi kuka.

Ba ta yi ba. Ta daɗe tana juya carbi.

"Ta amsa?"

"Ta amsa, Inna."

"Awo. Ba ta taɓa ƙin amsawa ba." Ta juyo da idon da ya rage mata. "To ka sallame su?"

Ban gane ba.

"Ka tara ɗiyan mutane, ka kira suna. Ka ce su tashi su tahi gida?"

Ban ce musu ba.

Washegari na koma Gummi. Na tarar an toshe ƙofar ɗakin da bulo, simintin bai gama bushewa ba. Shekara huɗu ba a sami mai amsa takarda ba, amma an sami magini cikin kwana huɗu. Halliru ya bar aikin. Daga baya ya gaya mini kullum in rana ta kusa faɗuwa, jikin sabon bangon yakan jiƙe daga ƙasa, daidai tsayin yaro.

Na tsaya a waje na ɗaga murya na ce an tashi. Ban ji motsi ba. Yarana ba sa tashi sai sun ga fuskata. Ni na koya musu haka, da bulala.

Don haka ga abin da nake nema, kuma na rubuta shi a takarda ta goma sha biyu. A rushe bulon. A fitar da gwangwani goma sha ɗaya da suka rage, a kwance su daga leda, a kai su inda za a kwafe abin da bai mutu ba, domin akwai 'ya'yan wasu a ciki. Kuma a bar ni in shiga, minti ɗaya, in tsaya a gaban ajina.

Inna Zulai ta daina tambayar hoto. Idon ya rufe makon jiya. Abin da take aikowa a tambaye ni yanzu ɗaya ne: ko yarinyar tana tsaye har yanzu.

Tana tsaye. Yau kwana talatin da ɗaya.