Tsintsiyar Inna Atu

Shar! Shar! Shar!

Ko ba ta waiwaya ba, Nasiha ta san wannan ƙarar. Tsintsiyar Inna Atu ce, uwar mijinta, take bin ta a baya tana share duk inda ta taka, tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya. Nasiha ta ajiye guga ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana?"

"Da ban kwana ba kya gan ni? Ɗebi ruwanki ki koma ɗaki. Kuma na gaya maki, kak ki kuskura ki bi ta gaban rumbu ko turken awaki. Abin da kinka ci muna ya isa!"

Auren so aka yi tsakanin Nasiha da Gazali. A kasuwar Tambuwal ya fara ganinta, ranar da ya zo daga Kebbe sayen irin albasa wurin mahaifinta, Baba Malami. Ya sayi iri ya tafi, sati na zagayowa ya dawo wai irin bai isa ba, har tsohon ya gane ba albasa ke kawo yaron nan ba. Ranar da aka kai amarya Kebbe, Inna Atu da bakinta ta rangaɗa guɗa, don Gazali shi ne autanta.

To, ba a daɗe da biki ba san da ke yi wa gidan huɗa ya kumbura ya mutu. Ana cikin wannan jimami injin ban-ruwan Gazali ya ƙone a tsakiyar rani, gonar ta bushe. San tsoho ne tukuf, injin kuma ya daɗe yana tari, amma wa ya tuna? Wata maƙwabciya mai baki kamar reza ta raɗa wa Inna cewa amaryar farar ƙafa gare ta, irin matan da ake cewa in sun shiga gida arziki ya fita ta katanga. Daga ranar tsintsiya ta samu sabon aiki.

Duk wannan Nasiha ta shanye. Abin da ya hana ta sukuni shi ne Gazali. Mutumin da a da ba ya fita sai ya tsaya ya tsokane ta, yanzu daga masallaci sai gona, wai kada ya yi ido biyu da ita da sassafe ranar ta ɓaci. Rannan ta tare shi a zaure.

"Yaya, dube ni."

"Sori, Nasiha, sauri nika yi."

"Ba sauri na ba. Kai ma ka yarda, ko?"

Ya shiga murza hularsa. Kafin ya sami abin cewa sai ga Inna ta faɗo zauren kamar an jefo ta.

"In bai yarda ba ni na yarda! Yarinyad da uwatta ma ba ta tsira ba, wurin haihuwatta tar rasu? Gazali, ka ji da kyau: kafin a sa lauje ga shinkafa, ko ni ko ita gidan ga!"

Wallahi akwai maganar da ta fi mari ciwo. Nasiha ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce, bai ce ba. Ta shiga ɗaki ta zari hijabi, ta fita tasha ko takalmin kirki ba ta tsaya nema ba. Tun daga Kebbe har Tambuwal kuka take, tana kallon ƙafafunta a cikin mota kamar na wata, zuciyarta na ce mata wataƙila fa gaskiya ne.

Ta tarar da Baba Malami a tsakar gida yana sheƙe irin albasa a faifai. Ya bar ta ta yi kukanta ya ƙare, sannan ya ce, "Ya sake ki?"

"A'a."

"Ya buge ki, ko ya hana maki abinci?"

"A'a, Baba. Amma sun ce ni ce tsiya. Sun ce ni nik kashe Innata. Ni ba ni da sa'a tun ran da anka haife ni!"

Tsohon ya ajiye faifan, idonsa ya kaɗa. "Ran da anka haife ki ina nan, su ba su nan. Allah Ya amshi tashi, Ya aje mani ke ga hannu. Da rashin kaɗai nit tsaya kallo, da ban ga kyautar ba, da kin mutu da yunwa cikin zane. Camfi na, ɗiyata, babu shi ga addini. Amma ki sani, mai zama yana ƙirga abin da yar rasa, tsiya ba ta wahala wurin gane gidansa. Gaya mani, mi ar rage maki can?"

Ta goge hanci. "Ba komi. Ko tsakar gida an hana ni. Sai wani kango bayan ɗakina, inda aka zuba shara."

"Rana tana shiga?"

"Tana shiga."

"Rijiya fa?"

"Akwai."

"Ashe ke mai arziki ta! Ƙasa, rana, ruwa, ga lafiya, ga miji da bai furta saki ba. Ce alhamdu lillahi."

Ta faɗa, amma iyakarta fatar baki. Ya ƙulle mata iri a tsumma ya danƙa mata. "Kin san aikin ga tun kina ƙarama. Ki raba shi biyu, kak ki zuba duka lokaci guda."

Ta koma Kebbe da ƙafarta, ba biko ba ban-haƙuri. Matan unguwa suka samu abin taunawa, wai ta yi yaji borkono bai kama ba. Inna Atu ta ce, "Tsiya dai ba ta ɓata hanya." Nasiha ta durƙusa ta gaishe ta, ta wuce.

Washegari ta shiga kango. Ta kwashe fasassun kwalabe da ledoji, ta sassabe ciyawa, ta fasa ƙasar da fartanya har tafin hannunta ya yi kanta. Ta tada fangali masu tudu don kada ruwan sama ya kwanta, ta cakuɗa toka da kashin kaji, ta yafa rabin irin. Safe da yamma tana kan hanyar rijiya da bokiti, Inna na biye da tsintsiya. Abin da ba a taɓa gani ba, sai Nasiha ta fara juyowa da murmushi tana cewa, "Sannu da aiki, Inna, Allah Ya ba da lada." Wannan sannun ya fi zagi ƙona wa tsohuwar rai.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Iri ya tsiro siri-siri gwanin sha'awa, sai kajin Inna suka tsallaka suka tone shi tas. Nasiha ta zauna a kan ƙasar ta rusa kuka, har ta tashi ta fara naɗe kayanta, ta kwance, ta sake naɗewa. Hannunta ne ya faɗa kan ƙullin tsumman nan. Ta daɗe tana juya shi.

"Alhamdu lillahi da Baba yac ce in raba biyu," ta ce. Wannan karon daga cikinta ta fito.

Tana cikin gyara fangalin ta ji motsi a bayanta. Gazali ne, da buhun kashin awaki a kafaɗa da tsohon gidan sauro a hammata. Ya dire su, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na kawo a rufe saboda kaji," ya ce. "Nasiha... na yi maki laifi. Tsoro ya kama ni, kaina ya ɗau caji. Kullum ina kallonki ta katanga kina fama, ni ko namiji ina ɓoyon fuska."

"Yanzu da safe na fa, Yaya. Ba ka tsoron ranarka ta ɓaci?"

Ya ɗago ya dube ta sosai. "Ta daɗe da ɓaci tun da nid daina ganinki."

Tare suka kafa sanduna suka ɗaura gidan sauron. Iri na biyu ya tashi, kore shar, ya cika kangon. Inna ba ta taɓa leƙawa ba, don ta rantse ba za ta taka inda sawun yarinyar ya yi yawa ba. A wurinta wasan ƙasa ake yi a bayan ɗaki.

Ana dab da ɗaukewar damina, mutane sun saki jiki, kowa ya yi renon irin albasarsa a fadama yana jiran dashe, sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya malale fadama. Da ruwan ya janye babu ko tsinke: irin kowa ya tafi, har da na Gazali, shinkafarsu kuma rabi ta kwanta. Sake reno yanzu lokaci ya ƙure, kuma manomin da ya rasa dashen albasa ya rasa abin da zai ci da rani.

Gazali ya shigo gida da laka har gwiwa. Inna Atu ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Ta ƙarasa mu! Yau ko gulbi ta jawo muna! Gazali, ba ni jiran lauje, yanzu-yanzun ga za ka sallame ta!"

Nasiha na tsaye a ƙofar ɗaki. Gazali ya zube a gaban uwarsa.

"Inna, ki sa ni komi in yi maki, ko wuta ta in shiga. Amma gulbin ga ya ci gonar liman, ya ci ta maigari, su ma Nasiha sunka aura? Ba ta yi mani komi ba sai alheri. Ki gafarce ni, ba ni iya zaluntar ta."

"Ni kaka gaya ma haka? To ni in fid da ita da hannuna!"

Ta manta da rantsuwarta, ta banka ɗakin ta fara watso kwanoni waje. Ta zagaya baya don ta kwashe shanyar yarinyar, sai aka ji tsit. Shirun ya yi yawa har Gazali da Nasiha suka bi ta. Suka same ta tsaye, zani ɗaya a hannu, baki buɗe, tana kallon irin albasa layi-layi, kowanne ya kai dashe, a shekarar da ko na magani babu a fadama.

"Wa... wa yay yi wanga aiki?"

"Ita ta, Inna," in ji Gazali. "Da ruwan da kika share sawunta in ta ɗebo."

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Zaure ya cika da manoma, har daga Fakku, kowa na roƙon a sam masa irin. Gazali ya ce ba nasa ba ne. Aka aika wa Nasiha, sai ta je ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Gida naki na, Inna. A fid da na gonarmu, sauran ki raba yadda kinka ga dama. Sai dai don Allah kak a manta da marasa ƙarfi." Cikin waɗanda suka samu har da mijin maƙwabciyar nan mai baki kamar reza. Wani ya ba su aron injin ban-ruwa rani guda, wani ya kawo shanunsa suka yi musu huɗa. Albasa kuwa a shekarar ta yi daraja, Gazali ya sayi sabon inji, ya ɗaure ɗan maraƙi a turke.

Sai ga Inna Atu ta juya kamar waina. Wai ita dama ta san yarinyar nan ƙashin arziki gare ta! Ranar da za a zuba sabon hatsi a rumbu, ta kamo hannun Nasiha. "Zo ki fara taka ƙofar, ɗiyata, albarka ta shiga."

Nasiha ta yi dariya, ta zauna a kan turmi ta miƙe ƙafafunta. "Inna, ƙafag ga ita ta dai ta bara. Ba fara ta ba, ba baƙa ta ba. Dube ta."

Inna ta duba. Duga-dugan amaryar da aka kawo mata da lalle sun tsattsage da faso, wani wurin har da busasshen jini. Tsohuwar ta tuna kowane sawu da ta share, sai hawaye suka zubo mata. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya, ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar surukarta a cinya.

"Inna, don Allah ki bari, kunya nika ji!"

"Yi shiru. Hannun da yas share sawunki shi za ya shafa maki mai. Ki yafe mani, maganad da niy yi ta uwarki ta fi komi tsaya mani a rai."

"Na yafe tun tuni, Inna."

Gazali na leƙe daga zaure, yana share ido da hularsa.

'Yan'uwa, ni dai ban yarda da farar ƙafa ba, ban kuma yarda ana haihuwar wani da sa'a a tafin ƙafa ba. Rabo na Allah ne, amma da ambaliyar nan ta zo ta tarar da kangon Nasiha cike da shara ita kuma tana ɗaki tana kuka, da rabon ya wuce ta bai tsaya ba. Ta gode wa ɗan abin da ya rage mata, ta gyara zuciyarta, ta sa hannu a ƙasa, shi ne mutane suka kira sa'a. Tsintsiyar Inna Atu kuwa tana nan har yau, sai dai da ita take korar kaji daga bayan ɗakin Nasiha.