Salansa a Bakin Tsohuwar Rijiya

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, Makaniki kuwa yana tsakar gida, rabin jikinsa cikin bonet. Motar tasa ce, ta haya, da ita yake ciyar da gida idan aikin gareji ya yi sanyi. Kwanakin baya ta daina ja a kan tudu, ya bi diddigi har ya gano ciwon a jikin turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙarin ƙarfi. Akwai wata 'yar ƙofa a wurin da ke sakin hayaƙi idan iska ta yi wa inji yawa, wani ɗan gwangwani mai sanda ke buɗe ta. Sifirin ɗin cikinsa ya saki. Maimakon ya sauya gwangwanin, sai ya gajarce sandar, ya ɗaure ta tamau, ƙofa ta daina buɗewa. Ƙarfin mota ya dawo har ya wuce na da. Turbo kuma ya riƙa yin jajawur kamar garwashi, yana wani fito mai tsini.

Kullum da yamma yakan taka totur, ya saurari fiton nan yana murmushi. Bai taɓa lura ba cewa bakin salansar motar, inda hayaƙi ke fita, yana kallon tsohuwar rijiyar da aka rufe da katako a kusurwar gida.

Ranar nan, yana ɗaga ƙafa daga kan totur, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Aka leƙa waje, ba kowa. Auta, 'yarsa budurwa, tana shimfiɗa tabarma, sai ta sandare. Ta juyo a hankali, ta dubi mahaifinta da idanun da ba nata ba.

"Ka ƙona mini ɗa," in ji wata murya ta tsohon namiji daga bakinta.

Ta wuni washegari ba ci ba sha, matan maƙwabta suna danne ta, ba ta ko ƙifta ido. Da yamma aka zo da Malam, dattijon da ya san hanyar mutanen ɓoye. Ya zauna gefen kanta yana karatu, har jikinta ya ɗauki rawa.

"Kai musulmi ne?" Malam ya tambaya.

"Na riga kakanka fara salla."

"To ga wanda ya ƙona ku a tsaye. Yarinya me ta yi maka?"

"Ku tashi ku bar gidan nan, ko in tafi da ita."

Inna, mahaifiyar Auta, ta ture matan da ke riƙe da ita. Ta tsaya a kanta. "Mu tashi mu je ina? A ɗakin can na durƙusa na haife ta. Kai ka yi mini naƙudar?"

"To a cinna wa motar wuta."

"Motar ba ta zuwa ko'ina, 'yata ma haka," in ji Makaniki. "Na cuce ku ban sani ba, ina neman afuwa. Amma kai ma tun da muka tare ka taɓa yi mana sallama?"

Malam ya ɗaga murya. Auta ta gantsare, aljanin ya yi ƙara har kaji suka ruɗe, ya yi ta zagi, daga baya zagin ya koma nishi.

"Ya isa, Malam. Kukan ƙarfen nan ne ke tsaga mana kai. A kashe shi, a kawar mana da wutar, kafin jan sama ya ɓace. In ya ɓace, babu sauran magana."

Makaniki ya zazzage akwatin kayansa, ya zaro wani gwangwani mai lafiya. Ya kwance tsohon, sifana na zamewa a hannunsa don gumi. Ya ɗaura mai lafiyar, ya sassauta noti, ya riƙa murza sandar tana tsawo, har saura kaɗan ramin da ke bakinta ya hau kan fil ɗin ƙofar. Ya ja ta, ya maƙala, ya ɗaure. Ya sa famfon hannu a tiyon gwangwanin ya hura iska. Sandar ta tafi sumul, ƙofa ta buɗe, ta koma ta rufe.

Shi da Inna suka tura motar da kafaɗa, suka juya salansa ta kalli ƙofar gida. Jan sama saura ɗan siriri. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya tayar, ya taka totur. Inji ya yi gurnani, babu fito.

Kowa ya juya ya dubi Auta.

"Na fita," in ji muryar, ta yi nisa kamar daga cikin tulu. "Amma ku sani ina nan ƙasa cikin rijiyar."

"Yi zamanka," in ji Inna. "Mu ma muna nan sama."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta dubi Malam, ta dubi matan, ta shafa kanta.

"Inna, wa ya cire mini ɗankwali a gaban mutane?"