Ƙofar da Alhaji Jabiru Bai Rufe Ba

Ƙofa nawa ce a gidanka? Alhaji Jabiru na Zuru zai ce maka biyu, kuma kullum magariba da bismillah yake rufe su, don ya ji malamai na cewa shaiɗan ba ya buɗe ƙofar da aka ambaci Allah a kanta. Ya manta da ta uku: solar mai ba gidan wuta da ya kafa a kan rufi, wadda ake sarrafawa daga waya, yake cika wa maƙwabta baki da ita.

Wata magariba ana cin tuwon dawa, fitilu suka mutu, suka dawo, suka sake mutuwa. Fanka ta tashi da kanta. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Ɗiyarsa Farida ta buɗe manhajar solar a wayarta don ta duba. Da ta ɗago, muryar da ta fito ba tata ba ce.

Ta daina ci, ta daina gane uwarta. Aka ɗauko Malam Talle daga Danko. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa rawani, sannan ya ce wa shaiɗanin da ke jikinta, "Ta ina ka shigo?"

"Ta ƙofa," in ji muryar, tana dariya. "Lambar sirrinta sifiri ne guda huɗu. Yadda aka saida masa, haka ya bar ta."

Alhaji ya ce, "Ai wanda ya haɗa..."

"Yi mana shiru, sarkin kwaɗo! Ka garƙame kyaure, ka rushe katanga."

"Fita daga jikin yarinyar nan," in ji Malam.

"A bar mini batir ɗaya in zauna."

"Ko ƙusa ba ka samu."

"To riƙe kayanku, dā ma wurin ya ishe ni. Kuna zaton ni ke kashe fitila? Tsakuwa kawai na jefa. 'Yan Adam ne cunkus a cikin solar, daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ko sallama ba su iya ba."

Farida ta yi atishawa, ta zube, ta ce, "Inna, ruwa."

Nan take Alhaji ya karɓi wayar, ya yi bismillah da ƙarfi, ya sauya lambar: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya dubi jama'a yana jiran yabo. Fitilar zaure ta ƙifta.

Kai kuma da kake dariya, ɗauko wayarka kafin magariba. Sa lamba mai tsawo wadda ko matarka ba za ta canka ba, sannan ka yi bismillah.