Abin da Maazou Ya Faɗa a Waya

Saley, mai shagon atamfa a unguwar Belleville ta Paris, ya amsa cewa shi ya tunkuɗo Maazou daga matakalar bene. 'Yan sanda sun tafi da shi ranar wata Talata a watan Maris na 1985.

An tsinci gawar ne da safe a gindin wani dogon bene a Les Minguettes, bakin Lyon. Maazou ɗan Damagaram ne, ɗan wasa a wani shirin tele da samari ke rububin kallo. Labarin wasu yara uku ne masu tarin gashi da rigunan fata, tsofaffin 'yan iskan gari da suka koma yi wa 'yan sanda aiki a ɓoye. Shi ne baƙar fata a cikinsu.

Insifekta Madeleine Garga, haifaffiyar Garwa, aka ba aikin. Ta tarar da yayar Maazou, Raliatou, ta kulle kanta, ta tokare ƙofa da tebur. Raliatou ta ce ba ta san kowa ba, ba ta zargin kowa. Amma idonta na kan tele ɗin da ta lulluɓe da zane.

"Ɗiyata, ba ni kike tsoro ba. Wa kike tsoro?"

"Ki je ki ji abin da ya faɗa a waya," in ji Raliatou.

Madeleine ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Mai shirya wasan ya ce akwai wuri a wasan da Maazou ke kiran shugabansa ta waya. Shi ya ce masa ya yi yarensu, ya faɗi ko me ya ga dama, tunda ba mai ji. Ba wanda ya fassara.

Aka sa mata kaset. Ga Maazou a ɗakin waya, fuska a murtuke, yana cewa da Hausa: "Ranka ya daɗe, in sigarin fasa-ƙwauri kake nema, leƙa ƙarƙashin benen Baba Saley. Baba, ina gaisuwa."

Tsokana ce. Amma kwanaki kaɗan bayan an nuna wannan kashi na shirin, jami'an duwan, wato kwastan, suka fasa wannan ɗakin ajiyar a Les Minguettes. Madeleine ta bincika, ta tabbatar an shirya samamen tun kafin a ɗauki wasan.

A shagonsa, Saley ya ce ba shi da tele, bai san shirin ba, rabonsa da Lyon tun babbar Sallah. Da Faransanci suke ta magana. Sai ta juya harshe zuwa Hausa.

"Baba, ai ya gaishe ka."

Almakashin hannunsa ya faɗi.

"Gaisuwa? Bayan ya tona ni a gaban Faransa duka?"

"Ashe ka gani."

Daga nan ya ce ya je ne ya tambaye shi dalili, yaron ya yi ta dariya. Ya rantse Maazou ɗan sanda ne na gaske, don ya ga katinsa da bindigarsa da idonsa. Ta gaya masa bindigar ta roba ce. Aka sa masa ankwa.

Da yamma Madeleine ta saurari sauran kaset ɗin da ba a nuna ba. A kowanne Maazou yana waya, a kowanne akwai sunan wani ɗan kasuwa da inda yake ajiya.

Ranar Alhamis za a nuna kashi na gaba. Gidan tele bai ce ko zai yanke wurin wayar ba.