Farashin Farin Gemu

A wajen baje kolin kayan hannu suka fara haɗuwa. Auta na tsaye ita kaɗai a rumfar mahaifinta, wani mutum ya ɗauki farantin katako yana jujjuyawa, ya taya rabin kuɗinsa.

"Ba ragi," in ji ta.

"Haba 'yammata, katako ne fa, ba zinariya ba."

Sai ga Baba ya dawo, da farin gemunsa da tabarau. Mutumin na ganinsa ya rusuna, ya ce ai aikin tsofaffin hannu daban ne, ya biya cif har da godiya.

Wani dogon saurayi mai sayar da jakunkunan fata a rumfar gefe yana kallon komai. Da Baba ya juya baya, ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Gemu ne ya sayar, amma hannun da ya sassaƙa ga shi nan, duk tabon wuƙa."

Auta ta yi sauri ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Shekara da shekaru babu wanda ya lura. Tun da hannun Baba ya soma rawa, ita ke shiga shagon da ke bayan gidansu ta ja ƙofa, ta yanka, ta sassaƙa, ta goge, ta shafa mai. Baba ne ke sa farashi, shi ke zama a rumfa yana karɓar yabo. Yakan ce in aka ji aikin mace ne, ko kuɗin katakon ba za su mayar ba. Abin baƙin cikin, gaskiya yake faɗa.

Kafin a tashi saurayin, wanda ake kira Dogo, ya san yadda ya yi ya karɓi lambarta. Washegari saƙo ya shigo.

"Gwanata, ki daina ɓoye hannun nan. Duk wajen ban ga abin da ya kai shi kyau ba."

Ta yi murmushi ta rubuta, "Mai jaka, ka iya ciniki. Nawa ka taya?"

"Duk abin da na mallaka. Kuma ba na neman ragi."

Haka soyayya ta yi ta tafiya, har ya zama in ba ta ji shi ba, wuƙar ma ba ta ci mata katako. Amma da kawun Dogo ya zo neman izini, Baba ya ce yaron ba shi da zama, yau yana nan gobe yana can. Bai jima ba ya soma yabon ɗan mai katako na maƙwabta, wanda katangar gidansu ke manne da shagon. Auta ba yarinya ba ce, ta gane.

"Umma, aure Baba yake nema mini, ko ma'aikaciya yake nema wa kansa?"

Umma ta sunkuyar da kai. "Ba yaron yake ƙi ba, Auta. Ranar da kika bar gidan nan yake tsoro. Da me za mu ci?"

A baje koli na gaba abin ya ɓaci. Wata mata ta zaɓi kwanukan katako da cokula, tana ta kambama Baba, shi kuma yana shafa gemu. Dogo ya kasa haƙuri.

"Hajiya, ga mai aikin nan tsaye. Ita za ki yaba."

Matar ta dubi Auta sama da ƙasa, ta ajiye kwanon kamar ya ƙone ta. "Au, ashe 'yar koyo ce? To kuɗin ya yi yawa."

Kafin la'asar zancen ya zaga rumfuna. Kayan da aka saba wawashewa, haka aka mayar da su mota.

Auta ta rubuta wa Dogo, hawaye na ɗiga kan wayar, "Ka tona asirin mahaifina a gaban jama'a. Wa ya aike ka?"

"Zuciyata ce ta aike ni, Gwanata. Na yi kuskure. Na ɗauka in sun sani za su ƙara girmama ki, ban san haka mutane suke ba. Ki yafe mini."

Ta ajiye wayar. Tana son sa, tana jin haushinsa, tana jin haushin matar, ta rasa ma wa za ta fi jin haushi. Ta daina shiga shago, ta ce kanta ke ciwo.

Wata safiya ta ji ƙwanƙwasa a shago. Ta leƙa, ta tarar da Baba a kan bencinta, wuƙa na karkarwa a hannunsa. Gefen farantin da yake sassaƙawa ya tsage, yatsansa na zubar da jini a kan garin katako.

"Baba!"

Ta yagi ƙyalle ta ɗaure masa. Ya daɗe yana kallon hannunta a kan nasa.

"Na so in ga ko da saura," ya ce. "Babu." Ya numfasa. "Yaron nan ya ci mutuncina, amma bai yi ƙarya ba. Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ta rubuta wa Dogo layi ɗaya: "Dogona, an sallama."

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Dogo ya gyara mata ɗaki a gidansa, ya kafa benci kusa da taga. Da za a tafi da ita, Baba ya kira ta ɗakinsa, ya tura ƙofa.

"Daga yau abin da kika sassaƙa na gidanki ne. Ke za ki sa farashi. Amma duk ranar baje koli ki aiko a ɗauke ni in zauna miki a rumfa. In can an gane mu, sai mu je inda ba a sani ba. Gemun nan dai yana sayarwa, shi kaɗai ya rage mini in ba ki."

Auta ta fashe da kuka. Ba wannan ta so ba. So ta yi ko sau ɗaya ya tsaya a gaban mutane ya ce aikin 'yata ne. Ta san ba zai iya ba, ta kuma san ko ya iya, ita za a taya rabi.

"Na gode, Baba. Naka kason yana nan."

A waje Dogo na jira jikin mota, mata na ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Da suka fito, Baba ya ɗora hannunsa mai rawa a kanta, ya yi ƙasa da murya yadda ko Umma ba za ta ji ba.

"Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Kin fi ni iyawa, Auta. Tun tuni kin fi ni."